Kujerar Baya Ta Hagu

Ni ɗan fari ne, saboda haka Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma taɓa zama a kujerar gaba kusa da ni ba. Ko da ciwon baya ya kama ta, likita ya ce a riƙa kawo ta Dutse duk bayan mako biyu, baya take shiga. A bayan ne kuwa ƙaramar motata ta fi mugunta. Daga ƙauyenmu na gefen Kafin Hausa zuwa bakin kwalta, duk ramin da muka faɗa sai in ji ta ja numfashi ta haɗiye. Abin da nake tsoro shi ne ranar da za ta ce ta gaji, a bar ta a ɗakinta ta jira ikon Allah.

Na kai motar gun bakanikena a Yalwawa, nan cikin Dutse. Ya danna bayanta da hannu ɗaya, ta yi ta lilo har ya gama dariya.

"Malam, shokar nan ta mutu, sifirin ɗin kuma na keken yara ne. Ka ga waccan?"

Wata mota da ta fi tawa girma ya nuna min a gindin darbejiya, gabanta ya lotse kamar gwangwanin da aka taka, bayanta kuwa garau.

"Mu ciro na bayanta, a ɗan yi walda su zauna. Birkin ma mu haɗa, ya fi naka kamu."

A wajenmu, mai hankali in zai ɗauki kayan motar da ta yi haɗari, yakan tambaya ko masu ita sun fita da ƙafarsu. In aka ce a'a, wani ya fasa, wani ya yi wa mamacin addu'a ya ba da sadaka kafin a sa sifana. Na san da haka. Ban tambaya ba, don ni ɗan boko ne, ƙarfe a wurina ƙarfe ne, kuma ina sauri.

Bayan kwana uku na karɓi mota. Ta ɗaga, ta daina ƙara, sai dai ta ɗan kwanta ta hagu a baya, kamar yatsa biyu. Bakanike ya ce mai kayan na da a nan yake ɗora nauyi, sifirin ya saba, zai miƙe da kansa.

Ranar da na je ɗauko Inna damina ta yi nisa, gero ya wuce tsayin mutum. Da hantsi ne, rana tarwai. Ta dogara sandarta ta buɗe ƙofar hagu yadda ta saba, ta tsaya tana kallon ciki. Sai ta mayar da ƙofar a hankali, ta zagaya ta dama.

"Kai, ai ba ka ce da baƙuwa ba."

"Wace baƙuwa, Inna?"

Ta zauna, ta tattare gefen mayafinta don kada ya tsallaka tsakiya, ta ce ƙasa-ƙasa, "Sannu, baiwar Allah." Na duba madubi, kujera ce kawai da ƙurar hanya. Na ce a raina tsufa ne da raunin ido. Amma da muka kama hanya na ji motar ta daidaita, muka bi ramukan nan duka Inna ba ta ja numfashi ko sau ɗaya ba. Har gyangyaɗi ta yi.

Mun kusa wani kwalbati, ƙafata ba ta kan birki, wallahi ba ta kai, motar ta ja da ƙarfi ta tsaya cak. Ina buɗe baki zan zagi bakanike sai ga shanu sun faso daga cikin gero, ta burtalin da ban san da shi ba, suna ƙetare titi a gaban hancin motar. Wani dattijon Bafulatani ya biyo su, ya leƙo ta taga.

"Allah ya yi maka albarka, malam, kai ka tsaya. Bara wata mota da ta fi taka girma ta kauce musu ta daki kwalbatin nan. Yaron da ke tuƙi ya fita lafiya. Tsohuwarsa da ke baya, da zai kai asibiti, ita ce kwananta ya ƙare."

Ban tambaye shi gefen da take zaune ba.

Washegari na dira a gareji ina ta faɗa. Bakanike ya kwance taya, ya ce birkin ne yake cijewa in ya ɗau zafi, ya wanke ya shafa mai. Na ce masa ba wannan na zo ji ba, motar wa ya ciro min kaya? Ya goge hannunsa da tsumma, ya ce, "Malam, ai ba ka tambaya ba."

Na yanke a cire komai a mayar min da tarkacena. Inna ce ta hana. A iya sanina wannan ne karo na farko da ta nemi wani abu a hannuna.

"Kai, bar mana kayanmu. Ka dai yi mata sadaka."

Na auni gero na kai masallaci. Shekara guda da 'yan watanni muka yi muna wannan zirga-zirga, Inna ba ta fasa zuwa asibiti ko sau ɗaya ba. Kullum ta dama take shiga. Wani lokaci in ji ta tana hira a hankali, ta tsaya kamar mai sauraro, ta ci gaba: tsadar taki, kazarta da ta ƙi kwanci, jikokinta. Tsoro bai sake ni ba, ban taɓa waiwayawa ba. Amma a irin wannan hirar ce na ji ta ce, "Shi ne babban. Zuciya gare shi kamar ta ubansa, amma bai taɓa gajiya da ni ba." Na kai shekara arba'in ban ji ta yabe ni ba. Na riƙe sitiyari da hannu biyu, hanya tana yi min rawa a ido.

Bayan an gama yankan gero Allah ya karɓi abarsa, a ɗakinta, cikin sauƙi. Da aka share makoki na kai motar Yalwawa, don na ga aikin kayan ya ƙare. Bakanike ya yi min ta'aziyya, ya zagaya bayan motar ya tsuguna. Ya auna hagu da tafin hannunsa, ya auna dama, ya sake komawa hagu.

"Malam, wa ya taɓa maka sifirin?"

"Ba kowa."

"To ta daina kwanciya. Amma fa ba hagun ce ta miƙe ba. Damar ce ta sauka."

Na karɓi mukullina na ce ya bar ta haka. Har yau ita nake hawa. Ba na ɗora ko leda a kujerar baya, kuma in na hango rami nakan sassauta.