Motar Yaya Garba ta rasa layinta

Shekara biyar ke nan da rasuwar yayana Garba, kuma har yau na kasa yi wa mahaifiyarmu abu ɗaya tak da ta roƙe ni a kansa. Ba zan cika ku da cewa mutumin kirki ne ba, kowa ya mutu na kirki ne a jarida. Yaya Garba fita ne, wato mai haɗa injuna, a kamfanin kuza, mai taurin kai, mai baƙin farce, wanda ba ya iya ganin abu da ƙusa bai kwance shi ba. Ya mutu a Hawan Kibo, a bayan wata babbar mota da birkinta ya tsinke, ranar da ya gaji da jiran jirgin Kafanchan.

Baturen da yake aiki a ƙarƙashinsa, da zai koma ƙasarsu, ya bar masa wani kwali. A ciki akwai layin dogo na wasan yara, da taragu, da kan jirgi wanda jikinsa ya farfashe amma ɗan injinsa na da rai. Akwai kuma wata 'yar mota a-kori-kura koriya, ba ta kai tafin hannuna ba, ta ƙarfen zubi mai nauyi, ba irin ta gwangwani da yaranmu ke ƙerawa ba. Wani zai ajiye su a kan kabad. Shi ya samo tsohuwar ƙofar katako, ya kwantar da ita a ɗakinsa a gidanmu na Naraguta, ya kafe layin a kanta a zagaye, ya ce tunda jirgi ya mutu, mota za ta hau.

Aikin ya ci masa damina guda. Ya cire tayoyin roba ya sa na tarago, masu leɓe a ciki don su kama layi. Ya gurje cikin motar da magagari har ɗan injin ya samu wurin zama. Ita wannan harka, wutar ta cikin layin take bi: wayar batirin mota ɗaya a ƙarfen dama, ɗaya a na hagu, tayoyi su ɗauka su kai wa inji. Amma duk sa'ad da ya ɗora ta sai tartsatsi da ƙauri, ko motsi ba ta yi. Abokinsa Dung, mai gyaran rediyo a kasuwar Taminus, shi ya zo ya duƙa ya duba, ya fashe da dariya.

"Oga Garba, motarka ɓarawo ne. Jikinsa duka ƙarfe. Wuta ya shiga ta dama ya fice ta hagu, ko sannu bai ce ma inji ba."

Da robar bawul ɗin keke suka raba tayoyin gefe ɗaya da sandar da ke riƙe da su. Wata Lahadi da la'asar, ina hutun makaranta, motar ta tashi. Na gan ta da idona tana zagaye ƙofar nan, tana ɗan karkacewa a kwana, tana ƙara kamar keken ɗinki. Yaya ya leƙa tsakar gida yana ihu.

"Inna, fito ki ga ikon Allah!"

Inna na tankaɗe, ko kai ba ta ɗaga ba. "Ikon zaman banza dai. Sa'o'inka na raɗa wa 'ya'ya suna, kai kana renon mota. Kawo min suruka in fito."

"Ba komai," in ji shi. "Layin zagaye ne, ba inda za ta. Duk ranar da kika huce tana nan."

Bai sake ganin wata Lahadin ba.

Ina makarantar kwana aka raba gado. An yi shi bisa ƙa'ida, ba na zargin kowa da cuta. Dattawa suka shiga ɗakin suka ware kaya ɗaya bayan ɗaya. Suka ga batir, suka ga ƙofa mai kyau, suka ga motar wasa. Ba wanda ya ga abu ɗaya ne. Batir da ƙofa suka faɗa rabon Baffa Isa, ƙanen mahaifinmu, mota kuwa aka ce a ba yarinya, wato ni. Baffa ya sa aka ɓamɓare layin, ya kafa ƙofar a ɗakin ajiyarsa. Da na dawo na tambaye shi ƙarafunan, ya ce ai mai sayen tsoffin ƙarfe ya wuce da su tuni. Na faɗa masa maganar da har yau bai yafe min ba, ni ma ban janye ta ba.

Bara idon Inna ya fara yana. Wata safiya, ba gaira ba dalili, ta ce, "Ke Hajo, motar nan ta Garba, sa ta ta yi tafiyar in gani tun ina gani."

Tun daga nan nake yawo. In na tashi daga ofis inda nake buga tafireta, in bi masu gwanjon kayan Turawa, in bi kuku-kukun gidajen Turawan, in bi Tina Junction rumfa-rumfa ina kwatanta abin da hannu, maza na kallona kamar na taɓu. Dung ya taɓa samo wani layi a gidan wasu 'yan mishan. Muka ɗora ta, ta zurma tsakiya, layin ya fi ta faɗi. A ƙasa kuwa ba ta tafiya, don ba inda za ta sha wuta, ko tura ta ka yi leɓen tayar ne zai sarƙe a tabarma. Yaya ya raba ta da hanya don ya ba ta layi, mu kuma muka raba ta da layin.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga Jos ta yau. Shi da yake cewa mota ba ta da tarbiyya sai an ɗora ta a kan dogo. Yanzu kowa ya samu ƙarin albashi mota yake saye, kowane mako sai an kwaso gawa a Hawan Kibo, jirgin da ya ƙi zuwa ranar nan kuwa har yau zuwansa sai an yi addu'a. Kamfanin kuza na ta sallamar mutane, ya bar mana tafkuna a bayan gida. An fara gine-ginen jami'a kusa da mu, ana cewa za a yaye injiniyoyi. Wataƙila zai yi murna da wannan. Ni dai ina jin zai tsaya a tasha ne ya yi ta zagi, sannan ya hau babbar mota, kamar yadda ya yi.

Ranar Juma'ar da ta wuce, ranar da Yaya ya cika shekara biyar da rasuwa, Dung ya zo gaisuwa da batiran tocila a ɗaure da waya. Ya kifa motar a tafin Inna, ya taɓa wayoyin a tayoyi. Suka juya. Wannan ƙarar ta keken ɗinki ta dawo tsakar gidanmu. Inna ta kai ta kusa da ido, ba ta ga komai ba, sai ta mayar da ita kunne.

"Tafiyar ke nan?"

"A'a, Inna. Taya ce kawai ke juyawa a iska."

"To ku sauke ta ƙasa mana."

Dung ya dube ni. Na karɓa na ajiye ta a tabarma. Wayoyin suka zame, motar ta yi shiru.

Abin da ya rage na Yaya Garba ke nan: inji mai rai, aikin hannu da bai lalace ba, robar bawul da har yau ba ta tsage ba, da ƙofar da ke tsare wa Baffa buhunan masara. Idan a cikin masu karatu akwai mai irin wannan siririn layi, ya ara mana na yini ɗaya. Amma ba na sa rai, kuma ko an kawo shi gobe, ban san me Inna za ta gani ba.

Inna ta lalubo motar ta riƙe a cinya. Can ta ce, ba da ni ba, ba da Dung ba, "Tankaɗe ne fa kawai nake yi."

Allah Ya jiƙanka, Yaya.