Dek Ɗin da Ba Ya Jin Muryar Mama

A shekarun da kuɗi ke yawo a Abuja kamar ba su da mai su, kowace hukuma sai ta yi fim ɗin nasarorinta, ko da nasarar fentin geti ce. Ni kuma ina wani ɗan situdiyo a Wuse ina editin, wato yanka da haɗa hotunan fim. Ɗakin, in ka yi atishawa sai maƙwabci ya goge fuska. Kwamfuta ɗaya, esi mai ƙara kamar injin markaɗe, sai dek.

Dek akwatin ƙarfe ne da ke kwashe fim daga kwamfuta ya zuba a kaset. Gidan talabijin a lokacin ba ya karɓar komai sai kaset. Ka kai musu faifai, su kalle ka kamar ka kawo miya a aljihu. Oga kuwa ya fi ji da dek ɗin nan fiye da mu duka. In mun yi zazzaɓi sai ya ce mu sha ruwa, in dek ya yi tari sai a kira injiniya.

Wata hukumar noma ta ba mu aiki: fim ɗin rabon taki a ƙauyen Yangoji. Mai ɗaukar mana hoto ɗan can ne, mutum mai shiru-shiru, abokina na cin abinci. Da garinsu suka ji ɗansu ne zai riƙe kyamara, sai suka zauna suka wakilta uwarsa ta yi magana a madadinsu. Maganar ba zagi ba ce. Godiya ta yi, sannan ta ce don Allah a riƙa kawo takin kafin ruwa ya sauka, ba bayan an haƙe doya ba. Shi ke nan. An faɗa musu minista da kansa zai kalli fim ɗin, suka ɗora duk begensu a kan wannan 'yar magana.

To mu a situdiyon muna da tsari, ba wanda ya rubuta shi amma kowa ya haddace: babbar kyamara ta manya ce, ƙarama ta jama'a. Babbar tana bin daraktan hukuma, ya sauko mota, ya gyara hula, ya yi hamma. Ƙaramar, wadda oga ya sayo a Amurka da ya je hutu, ita ake juyawa wajen mutanen gari in an gama da masu babbar riga. Da ita abokina ya ɗauki uwarsa.

Na gama editin, fim ya yi kyau, hoto tangaran har kana ƙirga zaren hular darakta. Ranar da za a kai kaset, da safe na danna rikodin. Dek ya kama aiki. Darakta ya yi jawabi, dek na sha. Mataimakinsa ya yi nasa, dek na sha. Mama, uwar abokina, ta bayyana, ta gyara ɗankwali, ta ce, "Muna godiya..." Ƙat! Dek ya tsaya, jar fitila na ƙifta min ido.

Na ce wayar haɗi ce. Na canja waya, na sake daga farko. Ƙat, a kan Mama. Na sa kaset mai wanke kai, na ɓare sabon kaset daga leda, na kashe komai na kunna, na hura bayan dek kamar mai hura wuta. Ƙat. Na zargi janareta, na zargi esi, har masinjan da ya shigo da takalmi na zarga. Jawabin darakta kuwa na ji shi ya fi sau shurin masaki, har yau in na yi zazzaɓi shi nake karantowa.

Oga ya leƙo. "Kai, ka ɗan bubbuga shi mana."

"Oga, ai ba rediyon mai shayi ba ne."

"To mene ne matsalarsa?"

Na ce, "Ma'aikacin gwamnati ne, oga. Darakta na magana yana rubutawa, talaka ya buɗe baki sai ya ce a dawo gobe."

Kowa ya yi dariya ban da abokina. Yana tsaye bayana, hannu a aljihu, yana kallon uwarsa a daskare a kan allo, bakinta a buɗe.

Sai bayan azahar na gano. Kyamarar Amurka tana ɗaukar hoto da irin gudun talabijin ɗinsu, namu kuma gudunsa daban. Kwamfuta tana lallaɓawa ta nuna maka, amma dek ba ya lallaɓa kowa. Hoto ya yi tuntuɓe sau ɗaya, ya tsaya. Magani shi ne a juya duk abin da ƙaramar kyamara ta ɗauka zuwa gudunmu. Na gwada na gaggawa, Mama ta fito tana karkarwa, baki gaba murya baya. Na sa na ƙwarai, kwamfuta ta ce sai yamma liƙis. Gidan talabijin kuma sun ce kaset ya iso kafin la'asar.

Ana haka jami'in yaɗa labaran hukumar ya shigo, ƙamshin turarensa ya riga shi da kamar sati. Ɗan boko ne mai fara'a, ba mugu ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

"Malam, yaya? Har yanzu?"

"Ranka ya daɗe, mun gano ciwon. A ɗan roƙa mana gidan talabijin su jira zuwa magariba."

"Ina, ina. An riga an faɗa wa ofishin minista lokaci. Wane ɓangare ne ke ba da matsala?"

Na nuna masa. Ya saurari Mama har ƙarshe, yana gyaɗa kai. "Wallahi ta yi magana mai kyau. Very touching. Amma tunda na'ura ta ƙi, a cire kawai."

Abokina ya yi magana, karo na farko tun safe. "Yallaɓai, mamana ce. Gari ne suka aiko ta."

"Allah sarki! Ka gaishe ta sosai. Next time, in sha Allahu."

Na ce, "Ranka ya daɗe, in aka cire na ƙaramar kyamara, ba manomi ko ɗaya da zai rage a fim ɗin manoma."

Oga ya taka min ƙafa. Jami'in ya ce ai akwai hotunan buhuna, a cike da su. Oga ya ja kujera ya zauna kusa da ni har aka cike. Na danna rikodin, dek ya tafi sumul daga farko har ƙarshe, ko tari bai yi ba. Ɗan banza.

Ranar da aka nuna fim ɗin, a Yangoji an fito da talabijin tsakar gida, an tayar da janareta, an jera benci. Suka kalli darakta, suka kalli buhuna, suka kalli hular darakta. Daga ranar, in Mama ta wuce sai matan gari su ce, "A ba wa minista hanya." Abokina ya daina zuwa gida ƙarshen mako.

Juyin hoton kuwa ya gama kansa da yammar ranar da kaset ya tafi, ya fito tsaf. Na mayar da Mama wurinta, na gwada a kaset don neman magana, dek ya shanye ba musu. Na zuba cikakken fim ɗin a faifai, na matsa wa abokina sai mun je mun kai mata. Ni a tunanina wata babbar gwaninta na yi.

Muka same ta a gindin mangwaro tana feraye rogo. Na durƙusa na gaishe ta, na miƙa faifan da hannu biyu.

"Wannan na mene ne, yarona?"

"Mama, fim ɗin ne, na asalin. Kina ciki, maganarki duka, ba a cire ko kalma ba."

Ta juya faifan, ta kalli fuskarta a bayansa.

"Minista ya gani wannan?"

"A'a, Mama."

"Zai gani?"

Abokina ya kalli ƙasa.

Ta miƙo min faifan. "Ni ne na yi maganar, na san abin da na faɗa. Ba ni ne zan ji ba." Ta ɗauki wuƙarta, ta dubi ɗanta. "Kai kuma ka je ka gaida mai gari, tun ranar yake tambayarka."

Bai je ba. Muka shiga mota, muka kama hanyar Abuja.