Ranar da Aladena Ya Tsinke a Bayan Omdurman

Muna idar da sallar asuba muka hau kekunanmu daga Khartum, ni da wasu 'yan ajinmu Sudanawa uku. Muka haye gadar Farin Nilu, muka tsaya wurin wata mai shayi a Omdurman. Suna ta hira da Larabcinsu na kasuwa, ni mai Larabcin littafi ina dariya duk inda na ga sun yi.

Daga bayan gari kwalta ta ƙare, sai tsakuwa da baƙaƙen duwatsu. A hawan farko na taka feda da ƙarfi, na ji ƙas! Sarƙa ta tsinke. Na ƙwala kira, iska ta kwashe muryar, su kuwa sun sha kwana.

Famfo da faci kaɗai ke jakata, waya ba sabis, ruwa saura rabin gora. Na gwada haɗa sarƙar da dutse, na ƙwanƙwashe yatsana. Na zauna gindin wata ƙaya har rana ta take. Ban taɓa jin kewar gida irin ta ranar ba, sai da na yi hawaye.

Can sai ga wani dattijo a amalanken jaki. Sarƙa a Larabcinsu janzir ce, amma na yi tuntuɓen harshe na ce masa khinzir ɗina ya tsinke, wato alade. Ya ƙura min ido, sannan ya tuntsire.

"Kai ɗana, alade ka hau?"

Da Hausa! Haifaffen Omdurman ne, kakansa ya taso daga Haɗeja zuwa hajji, ya tsaya nan. Gyaran keke bai fi ni iyawa ba. Muka kwance wayar ƙarfe daga amalanken, muka ɗaure sarƙar, tana kwancewa muna sakewa. Na lura ba ya sauri.

"Jikokina ina musu Hausa, suna amsa min da Larabci," in ji shi. "Tun rasuwar tsohuwata ban yi hira haka ba. Ka dawo Juma'a, ya waladi, ko ajalar lafiyarta lau." Ajala ita ce keke a wurinsu, ya waladi kuwa ɗana ke nan.

Na lallaɓo gida da la'asar. Na tarar da abokan tafiyata suna cin ful, wato dafaffen wakensu, sun ɗauka tuntuni na juyo. Na koyi kada in sake fita ba abin haɗa sarƙa. Na kuma gane duk faɗin garin nan, mutum ɗaya ne zai duba hanya in ban zo ba.