Sassaƙen Madacin Kaka

Ni na ja wa itacen kakata masifa, kuma ko gatari ban ɗauka ba. Biro na ɗauka.

A lokacin shekarata ta shida ke nan ina koyar da kimiyya a wata firamare a Kankia. Akwai wata ma'aikaciya a ofishin ilimi, 'yar Kudu ce, Kirista, ta daɗe a garin har Hausarta ta fi ta wasunmu daɗi. Kowa Madam yake ce mata. Ita ta tare ni a bakin ofis wata rana ta ce, "Malam, kai da ba ka gajiya da surutu, zo ga inda surutunka zai yi amfani." Wai wata ƙungiya ce ke neman malamai su rubuta gajerun darussa da Hausa a kan itatuwan yankinsu, kowane itace shafi guda, a buga a raba wa makarantu, a kuma karanta a rediyo. Kafin ta rufe baki na ce na karɓa. Tun ina sakandare nake cika littattafai da rubutun da ba mai leƙa shi sai gara.

Ban sha wahalar zaɓen itacen farko ba. A ƙauyenmu da ke ƙasar Kusada kakata ta wajen uwa take, tsohuwar unguwarzoma, kuma a gonar da kakana ya bar mata akwai wani madaci da mutum biyu ba sa iya rungume shi. Shi kaɗai ya rage a wajen, 'yan'uwansa duk sun tafi katako. Daga ɓawonsa take sassaƙo abin da take jiƙa wa masu jego da masu ciwon ciki, tun kafin a haifi mahaifiyata. Ɗacinsa kuwa ni shaida ne, don an sha danne ni a ɗura mani.

Ranar Asabar na sauka Kusada, na hau acaɓa zuwa gida. Kaka na ganina ta ce, "Ga angon nawa, hannu rabbana kamar kullum."

Na ce, "Tsohuwa, ai na sake ki tun bara. Takardar ba ta iso ba?"

"Wa zai karanta rubutunka, kamar kaza ta yi tono?"

Da na faɗa mata abin da ya kawo ni ta ji daɗi, ko da yake ba ta yarda ta nuna ba. Ta ɗauki sandarta muka nufi gona. Ta lissafa mani amfanin ɓawon ɗaya bayan ɗaya, ina rubutawa. Sannan ta dafa jikin itacen ta ce, "To, saurara, wanga shi ne babba. Ba a sassaƙa sai gabas da yamma. Faɗin tafin hannu, kar ka wuce. Ka yi bisimilla, ka ɗebi abin da zai ishe ka, ka kwaɓa jar ƙasa da kashin shanu ka shafe wurin. Kuma ba ka komawa kusa da nan sai damina biyu ta wuce."

Na ce, "Kudu da arewa fa?"

"Maganinsu ba ya ci."

Na fashe da dariya. "Haba Kaka, ɓawo ai ɓawo ne. Itacen ya san alƙibla ne?"

"Ya fi ka sani, kai da sai an nuna maka."

Da na koma Kankia na zauna rubutu, sai abin ya fi ƙarfin shafi guda. Dole a rage. Na duba sama na duba ƙasa, na ja layi a kan gabas da yamma, da tafin hannu, da kashin shanu. Na ce camfi ne. Gaskiyar magana kuma kunya nake ji, kar Madam da mutanen ƙungiyar su karanta su ce malamin kimiyya guda ya kawo masu tatsuniyar tsofaffi. Amma amfanin ɓawon na bar shi kaf, har da ƙarin gishiri. Kuma don a san ba a littafi na kwaso ba, na faɗi sunan ƙauyen, na ce a bi hanyar rafi, a karya dama bayan rijiya. Kwatance na yi tsaf, kamar mai gayyatar biki.

Aka karanta a rediyo, aka maimaita. Wani ya naɗa a waya, abin ya yi ta yawo. Kai, na sha gaisuwa! Mai shayi ya koma kirana marubuci, hedimasta ya sa na tsaya gaban yara a taron safe. Kaina ya kumbura har hulata ta so ta yi mani kaɗan.

Ba a yi wata biyu ba aka bugo mani waya daga ƙauye. Wai Kaka ta ce in zo, kuma in zo da biron nan nawa.

A gona na same ta zaune a ƙasa, sandarta a gefe. Na ɗaga kai na dubi madacin. An feɗe shi kamar ragon layya, tun daga gindi har inda hannun dogon mutum ke kaiwa. Masu sayar da magani a kasuwanni ne suka riƙa zuwa a kan babura da buhunansu, tun da sassafe kafin kowa ya fito, sai kuma masu lalura da suka ji a rediyo. Ba wanda ya zo da mugunta. Abin da aka faɗa masu suka ji, abin da ba a faɗa ba kuma ba su sani ba.

Nan take wani abu ya faɗo mani a rai, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Duk shekara ina zana wa 'yan aji biyar itace a allo, ina gaya masu abincin da ganye ya haɗa ta ƙarƙashin ɓawo yake sauka zuwa saiwa, in aka zagaye ɓawon an yanke wa itace maƙogwaro. Har a jarrabawa nake tambaya. To, mutumin da ya sassaƙa gabas da yamma kaɗai ai ya bar kudu da arewa, abinci na wucewa. Darasina ne sak tsohuwar nan ta ba ni da bakinta, na yi mata dariya na goge.

Na so ta zage ni, wallahi da na fi samun sauƙi. Ba ta zage ni ba. Cewa ta yi, "Ka faɗa masu gabas da yamma?"

"Wurin rubutun ne ya yi kaɗan, Kaka."

"Amma ya ishi kwatance."

Ta miƙo hannu na tayar da ita, ta zagaya da ni ta arewa, inda wata sarƙaƙiya ta hau jikin itacen da ƙayarta. Masu buhuna sun ji tsoron ƙayar, suka bar wani zirin ɓawo a bayanta, faɗinsa bai fi yatsu huɗu ba, daga ƙasa har sama bai yanke ba. Ta ce, "In yana da sauran kwana, a nan suke."

A ranar, da kayan zuwa makaranta a jikina, na yi ta jido kashin shanu a kwano daga garken maƙwabta. Na kwaɓa da jar ƙasa, muka shafe jikin itacen iya inda hannu ya kai, na yanko ƙaya na yi mashi shinge. Tana zaune tana ba da umarni, ba abin da na yi daidai. Da ta ga ina kau da hanci ta ce, "Kwaɓa da kyau, malamin kimiyya, wanga ba alli ba ne."

Litinin na je na faɗa wa Madam komai, har da dalilin da ya sa na goge. Ta riƙe haɓa. "Haba Malam! Mahaifiyata a garinmu haka take yi, gefen fitowar rana da gefen faɗuwarta. Wa ya ce maka dariya zan yi?" Ta wanke ni tas, sannan ta nemo mani wani shafin. Na rubuta darasi na biyu a kan yadda ake sassaƙe, da kalmomin Kaka, ban rage ko ɗaya ba, na ƙara da bayanin allo a ƙasa. Har yau shi ne rubutuna da na fi so, kuma malamai da dama sun ce da shi suke koyarwa. Sai dai bai mayar da ɓawo ba.

Itace ba ya mutuwa rana ɗaya. Damina ta zo ta wuce madacin na nan kore shar, na fara murna. Kaka ta ce in jira rani. Da rani ya tsaya kuwa sai rassan gabas suka zube ganye, na kudu suka bi, na yamma suka bi, daga baya har na arewa. Kowace Asabar ina zuwa, in ƙwaƙuli reshe da farce in ga ko da ɗanye. Ita kuma ta rage fita, ta rage tsokana. Na tsorata ƙwarai, don na ga kamar tare suke bushewa.

Ana tsakiyar zafin bazara na zo wata Asabar ban same ta a gida ba. Na bi hanyar gona. Tun daga nesa na hango: duk itacen fayau, in ban da babban reshe ɗaya ta arewa da ya fitar da sabon ganye ja-ja, mai sheƙi. Tana zaune a ƙarƙashinsa a kan buhu, ta miƙe ƙafa.

Na fara ihu ina cewa zan rubuta, kowa ya ji madaci ya tashi. Ta ɗaga sanda.

"Ahir ɗinka! In za ka rubuta, ka ce ya mutu."

"Kaka, ƙarya zan yi a rediyo?"

"Dubi itacen da kyau. Kashi uku cikin huɗu gaskiya ne."

Na yi dariya har da hawaye, ban san na dariya ne ko na kuka ba. Ta kalle ni ta girgiza kai. "To, in ba ka iya ƙarya, ka yi shiru. Ka taɓa gwadawa kuwa?"

Na ce zan gwada. Rana na dukana a ka, ga inuwar reshen nan 'yar mitsitsiya, ba ta ishi mutum biyu ba. Ta ja buhunta gefe har kafaɗarta ta fita rana, ta buga ƙasa da tafin hannu, ta ce in zauna.