Ɗaurin Raƙumi a Kan Babur

Faɗuwata ta uku ke nan a ƙofar gidanmu a Nguru, babur ya danne min ƙafa, buta da tabarma sun watse. Zamanin Turawa ne, satina biyu kacal da fara hawa, ga shi washegari zan tafi Gashuwa awon gyaɗa, har da kwana a daji. Na jibga kayana duka a bayan sirdi don gwaji, sun yi tsiri.

Baba tsohon falke ne mai raƙuma. Sai ga shi ya taso daga buzunsa, ya kwance kayan, ya raba biyu yana jinjina nauyinsu, ya rataya su ƙasa-ƙasa, dama da hagu. Ya ƙara min da salkarsa ta ruwa.

Na ce, "Baba, wannan fa inji ne, ba raƙumi ba."

Ya ce, "Yashin da za ka shiga ba ruwansa da inji. Hau."

Wallahi washegari har Gashuwa ban faɗi ba.

Mutumin da bai taɓa hawa babur ba, shi ya zaunar da ni a kansa. Allah ya jiƙan Baba. Ku fa, wa ya gyara muku ɗaurinku na farko?