Tsohon da Ya Zo Neman Juji

A ɗan ofishin da Liatu take gwada manhajarta a Malumfashi, wani tsoho yana tsaye gaban tebur, ya baro takalmansa a bakin ƙofa. Manhajar ta kai rahoton shara ce: ka ɗauki hoton juji da waya, jan ɗigo ya fito a taswirar gari, motar shara ta je ta kwashe.

Dogo ne, rigarsa ta koɗe a kafaɗa, dugadugansa duk faso. Hannunsa na dama a ɗan dunƙule yake, kamar har yanzu sandar korar jaki tana ciki. Liatu tana zaton manomi ne daga wajen Dayi, irin waɗanda a da suke shigowa gari da bazara, su cika mangala da takin juji, baƙi wuluk, toka da kashin awaki, mutanen unguwa suna yi musu sannu da aiki.

Yana bin jajayen ɗigo-ɗigon da yatsa a fuskar kwamfutar.

"'Yata, wanne ya fi daɗewa? Shi nake so in kai gona."

"Baba, ai yanzu duk leda ce."

Ya gyaɗa kai, ya kwance ƙullin ƙasa daga aljihu, yana murzawa a tafinsa. Yana tsince guntayen baƙar leda ɗaya bayan ɗaya, yana jerawa a teburinta.

"Na sani. Daga gonata na ɗebo wannan. To, ita ma ki sa mata jan ɗigon."