Fiffiken da Delbert Ya Kankare

Delbert Haugen ya tsufa yana tuƙa motar 'yan makaranta a wani ƙauye na Minnesota. Da ya ajiye aiki sai ya share tsohon ɗakin shanun mahaifinsa, ya ce jirgin sama zai ƙera da hannunsa, na katako, mai cin mutum biyu. Ba wanda ya yi mamaki, don a yankin ba shi ne farau ba.

Yana da haƙuri da katako, amma ban da mutane. Shekaru ya kwashe yana feƙe siraran itatuwa yana manna su da gam, har fikafikan suka tashi, haƙarƙari jere reras. Saura banish, man da ke toshe katako kada danshi ya ruɓar da shi bayan an rufe da yadi.

Abokinsa Arlo, wanda ya taɓa ƙera nasa jirgin, ya leƙo ya ga gwangwanin banish ɗin.

"Del, wannan ai na kwalekwale ne. Maganin da za ka shafa wa yadin don ya yi tauri cinye shi zai yi."

"Da shi ubana ya shafe kwalekwalensa, har yau bai sha ruwa ba."

"To uban naka ya taɓa tashi sama da shi?"

Delbert ya nuna masa ƙofa.

Shafar ma ba ta zo da sauƙi ba. In sanyi ya shigo, man ya ƙi bushewa, ya yi ta danƙo kamar zuma. In rana ta buɗe, ƙananan ƙwari su faɗa su maƙale. Kowane lungu sai ya kwanta ya cusa ɗan buroshi, gwiwoyi na ƙara. Matarsa Marlys ta hana shi kujerun falo, ta ce har kofinta warin man yake yi.

Ranar da ya ja yadi ya shafa maganin, kafin ya wanke buroshi banish ɗin ya kumbura, ya yamutse kamar saman dafaffiyar madara, yadin ya saki. Ya yi jifa da gwangwanin, man ya fantsamo masa a takalmi.

"In kira Arlo?" in ji Marlys daga bakin ƙofa.

"Ki kira shi, in cinna wa jirgin wuta."

Ta kira shi. Arlo ya iso da damin samfefa ta goge katako, yana danne dariya.

"Ni dai ban ce komai ba."

"Fuskarka ta faɗa. Kama can!"

Duk lokacin ƙanƙara na shekarar suna kankarar banish ɗin, lungu-lungu, suna gardama. Fiffike ɗaya ya sha man da ya dace, ya karɓi yadi lafiya lau. Kafin a kai ga na biyu kafaɗar Delbert ta dama ta riƙe, likita ya ce ya huta. Bai huta ba. Da hagu yake gogawa yanzu, a hankali, yana zagin katakon ƙasa-ƙasa.